Karen takarda da ciwon da ya gado

Duk mai duba WhatsApp ko mai yawo a Facebook kwanakin nan ya san sabuwar kasuwar da ta buɗe a Sakkwato, kasuwar 'yan kwikwiyon Turawa. Hoto za ka gani an ɗora ɗan kwikwiyo kan tayil ko kan bonet ɗin mota, a ƙasa an rubuta zallar jini ne, ba gauraye, uwa da uba duk daga waje anka kawo su, akwai takarda. Jaman Shefad, Rotwaila, Bowabul, Kokeshiyan, har da 'yan ƙananan nan masu gashi luf-luf da ake kira Lasa da Eskimo. Kuɗin ba na wasa ba ne, kuma ana saye. Tun da sha'anin tsaro ya taɓarɓare, mai gida a Bado ko Arkilla ko Gawon Nama, da mai gidan gona a hanyar Wamakko ko Dange, kowa na son abin da zai yi haushi da dare ɓarawo ya ji hantarshi ta kaɗa. Ni ban ga laifin wannan ba. Abin da ke damuna shi ne yadda mutanenmu sunka ɗauka takarda da zallar jini shaidar lafiya ce, alhali ba ita ba ce, sau da yawa ma nan ciwon yake kwance.

Takardar nan fa, in ma ta gaskiya ce don wasu a shagon kwamfuta ake buga su, galibi ba abin da ke cikinta sai sunaye, wane ya haifi wane, wance ta haifi wance, zuwa kakanni uku ko biyar. Ba ta ce maka ƙugun uban lafiya yake ba, ba ta ce zuciyar kakar ƙalau take ba. Abin daga Ingila ya samo asali. A 1859 anka yi gasar nuna karnuka a birnin Newcastle, eh wannan dai mai ƙungiyar ƙwallo, a 1873 anka kafa ƙungiyar Kennel Club ta buɗe littafin rajistar zuri'a, Amurka ta bi sahu da tata a 1884. Kafin nan kare da aikinshi ake saninshi, na farauta, na kiwo, na gadi, wanda ya iya aiki shi ake ba mace. Da littafi ya zo sai anka rubuta wa kowane iri siffarshi, tsawo kaza, kunne kaza, launi kaza, sannan a hankali anka rufe ƙofa, ba a shigar da kare sai uwarshi da ubanshi suna ciki. To ka ga in karnuka ƙalilan ne sunka kafa irin, jininsu ne ke ta zagayawa tsakanin jikokinsu har yau, sabo ba ya shigowa, wanda ke ciki kuma kullum raguwa yake, saboda namiji ɗaya in ya ci gasa kowa shi yake so ya hau karyarshi, ya haifi ɗaruruwa, sauran mazan 'yan'uwanshi masu lafiya su mutu ba su bar baya ba.

Ɗauki Jaman Shefad, wanda tun muna yara muke kira karen 'yan sanda. Wani hafsan sojan doki na Jamus mai suna Max von Stephanitz ya kafa irin a 1899 da kare guda da ya saya ya raɗa mishi Horand, shi ne lamba ɗaya a littafinsu, kuma anka yi ta haɗa zuri'arshi da junansu don siffar ta zauna. Karen kiwon tumaki ne mai miƙaƙƙen baya da zai wuni yana sassarfa bai gaji ba. Nemi tsoffin hotunanshi a intanet ka gwada da na gasa na yanzu, baya ya gangaro, ƙafafun baya sun lanƙwashe, yana tafiya yana tangaɗi. A 2016 da wata karya mai irin wannan bayan ta zo ta ɗaya cikin irinta a Crufts, babbar gasar karnuka ta Ingila, sai da jama'a sunka yi ca a kan alƙalan. Mu nan kuma da shi ake talla, wai mai gangaren baya ya fi tsada.

Yadda ciwon ke ɓuya ba sabon karatu ba ne gare mu, mun san shi ta hanyar sikila. Ba ina haɗa ɗan Adam da kare ba, Allah Ya sawwaƙe, ƙa'idar gadon ce ɗaya. AS lafiyarshi ƙalau, AS ma lafiyarta ƙalau, sai an haɗa su kowane ciki ya zama akwai kashi ɗaya cikin huɗu na a haifi SS, shi ya sa yanzu ake zuwa gwaji kafin ɗaurin aure, Kano ma ta mai da shi doka a 2024. Karnuka na da ɗaruruwan cututtukan gado, da yawansu haka suke tafiya, akwai makantar da ke zuwa a hankali, akwai lalacewar ƙoda, akwai shanyewar ƙafafun baya in girma ya zo. Kare na ɗauke da rabin abin a jininshi ba ka gani a ido, yana gudu yana haushi yana cin abinci. In ka haɗa shi da bare da wuya ya yi karo da mai irin nashi. In ka haɗa shi da ƙanwarshi ko ɗiyarshi kuwa, ai ita ma inda ya ɗauko nan ta ɗauko.

Masana suna auna wannan kusancin da lissafi. Abin da wa da ƙanwa sunka haifa, ko uba da ɗiya, kashi 25 cikin 100 ne, na 'yan uba 12.5. A 2021 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun duba ƙwayoyin gadon iri 227 na karnukan rajista, sunka tarar matsakaicin ya kai kusan 25 cikin 100. Wato karen takarda na tsaka-tsaki, ko da uwarshi da ubanshi a takarda ba su haɗa kaka ba, a jini daidai yake da wanda wa da ƙanwa sunka haifa, don tun can sama an riga an cuɗe. Kuma irin da kusancin ya fi yawa cikinsu su sunka fi zuwa asibiti. Amma a faɗi gaskiya dukanta, ba kowane ciwo ne takarda ke kawowa ba. Wannan jami'ar dai a 2013 ta duba bayanan karnuka sama da 27,000 a kan cututtukan gado 24, goma sun fi yawa a masu zallar jini, goma sha uku ba bambanci, ɗaya ma ya fi yawa a gauraye. Don haka ba cewa nake duk karen Turawa majinyaci ne ba, akwai masu lafiya garau. Matsalar ita ce takardar ba ta bambance maka wanne ne wanne.

Wani dattijo maƙwabcinmu, ɗan kasuwa ne, ya sayo Jaman Shefad daga hannun wani yaro da ke kawo su daga Kudu. Kwikwiyon kyakkyawa, manyan dagi, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, yara sunka sa mishi Zaki. Abinci kuwa ba a magana, madara, taliya, kan kaji, ya yi ta girma yana ƙiba ana murna, tsakar gidan kuma duk tayil ne mai santsi. Bai cika shekara ba anka fara lura in zai tashi sai ya kafa ƙafafun gaba ya ja sauran jikin, in yana gudu ƙafafun baya tare suke tsalle, in ya zauna sai ya karkace gefe guda, matakala biyu ta ƙofar falo ma sai ya tsaya yana dubanta. Ni na raka Alhaji wurin likitan dabbobi. Likitan ya kwantar da shi ya kama ƙafar baya ya miƙe ta a hankali, karen ya yi wata ƙara da har yanzu ina jinta. Da hoton ƙashi ya fito ya ɗaga shi wajen taga yana nuna muna da biro, kan ƙashin cinya kamata ya yi ya zauna daram cikin kwarmin ƙugu, na Zaki kwarmin bai yi zurfi ba, rabin kan yana waje yana goga.

Alhaji ya ce, "Likita, ba ɗori za a yi mishi ba? Ko faɗuwa ya yi yara sunka ɓoye mini?" Likita ya ce, "Alhaji ba karaya ba ce balle a ɗora, a jininshi yake, da abinshi ya taso, ƙiba da santsin tayil sun dai ƙara mishi. Kun ga uwarshi da ubanshi sa'ad da kunka saye shi?" Alhaji ya ce a waya dai anka nuna mishi hoto. Abin da anka iya yi shi ne a rage mishi abinci ya saki nauyi, a mai da shi kan yashi, a riƙa ba shi maganin ciwo in ya matsa. Akwai tiyata amma kuɗinta ya ninka kuɗin karen. Daga baya wani matashi ya zo har gida neman aron Zaki ya hau karyarshi, da alkawarin in ta haihu za a ba Alhaji ɗa guda, haka ake yi. Tsohon ya ce mishi, "Ɗana, wanga kare ba shi haihuwa daga gidana, in na ba ka shi na cuce ka, na cuci ɗiyan da za a haifa, na cuci wanda za ka sayar mawa." Yaron ya tafi yana ganin rowa anka yi mishi. Nawa ne za su iya faɗin abin da Alhaji ya faɗa, ga kuɗi a gabansu, karen kuma in yana tsaye a hoto ba mai cewa komai na damunshi?

Ciwon ƙugu ba ya bin lissafin ɗaya cikin huɗu, ƙwayoyin gado da yawa ne ke haɗuwa, sannan ciyarwa da saurin girma su ƙara. Manyan karnukan da muka fi so, Jaman Shefad da Rotwaila da Bowabul da Kokeshiyan, duk yana damunsu. Hanyar rage shi an san ta tuntuni, a ɗauki hoton ƙugun namiji da na mace kafin a haɗa su, a Ingila bayan sun cika shekara ɗaya, a Amurka shekara biyu, can ma akwai gidauniyar da ke tara sakamakon tun 1966. Wanda nashi ya fito da matsala a cire shi daga haihuwa, shi ke nan. Mu nan muna da tsangayar likitancin dabbobi da asibitin koyarwa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ga likitoci masu zaman kansu cikin gari, ba masana anka rasa ba, masu kiwon ne ba su zuwa sai kare ya kwanta.

Kuma namu rufin ƙofar ya fi na Turai tsanani ba tare da mun rubuta littafi ba. Rotwailan kirki ƙalilan ne a garin nan, duk wanda karyarshi ta fara jini wurin namiji guda za a nuna mishi, wancan mai ƙaton kai da kowa ya sani. Shekara biyu uku duk 'yan kwikwiyon gari 'yan uba ne. Sai wane ya sayi namiji, wane ya sayi mace, su haɗu a guruf ɗin WhatsApp su shirya barbara ba wanda ya tambayi asali. Wani ma kai tsaye za a sayar mishi da mace da namiji daga ciki ɗaya a ce gashi nan ka fara kiwo. Kawuna da ke ƙauye wajen Gwadabawa bai taɓa shiga aji ba amma ba ya barin rago ɗaya ya daɗe cikin garke har ya fara hawan ɗiyanshi, sai ya kai shi kasuwa ya sayo wani a Illela ko Achida, ya ce in ba haka ba 'yan tumakin ƙanana suke fitowa ba ƙwari. Wannan sanin muna da shi a gida, da anka zo kan kare mai tsada sai anka ajiye shi don kada jini ya gauraya.

Sai zafi. Kokeshiyan daga duwatsun Kokeshiya ya fito, wajen Jojiya da maƙwabtanta, aikinshi tsare tumaki daga kyarkeci cikin ƙanƙara, gashinshi hawa biyu ne. Haski kuma daga Saberiya. Su ne muke kawowa garin da a Afrilu ma'aunin zafi ke wuce 40. Kare ba ya gumi irin namu sai ɗan abin da ke fita a tafin ƙafa, da haki yake fitar da zafi, jikinshi 38 zuwa 39 yake zama, in ya haura 41 an shiga haɗari, hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwa na iya taɓuwa. Na ga wani Kokeshiyan a wani gida cikin kejin ƙarfe mai rufin kwano da azahar, harshe ya zazzago ya yi jawur, yawu ya jiƙe ƙirjinshi, ya tura hancinshi cikin kwanon ruwan da shi ma ya ɗumama, in ka buɗa gashin wuyan kaska ce jere. Maigadin ya ce da akwai fanka, Nepa ce ba ta kawo ba. Mai gidan kuwa yana alfahari da shi gaban baƙi. Ita ma kaskar ba kowane iri take yi wa daidai ba, akwai zazzaɓin da take sawa wanda ya fi tsanani a Jaman Shefad, tun yaƙin Biyetnam sojojin Amurka sunka gane haka da ya kashe musu karnuka masu yawa.

Waɗanda nake fatan kada su yi kasuwa a nan su ne masu tauyayyen hanci, Buldog da Fug da ɗan Buldog na Faransa, don na fara ganinsu a TikTok hannun 'yan gayu kuma abin da ya shiga Abuja ba ya daɗewa bai iso ba. A Amurka na Faransan shi ya zo na ɗaya a rajista a 2022, ya ture Labrado da ya shekara 31 yana kan gaba. Su ba wani ɓoyayyen ciwo ba ne, siffar da ake sayensu dominta ita ce cutar. An yi ta zaɓen mai gajeren fuska har ƙashin ya taƙaice amma naman cikin baki da maƙogwaro bai ragu ba, ya cunkushe hanyar iska, ƙofofin hanci kuma sun matse. Minsharin nan da ake ɗauka a bidiyo ana dariya numfashi ne ke ƙin wucewa. Kai ya yi girma ƙugu ya tsuke, wani bincike a Ingila a 2010 ya nuna sama da kashi 80 cikin 100 na haihuwar Buldog da tiyata ake yinta. A 2022 kwalejin likitancin dabbobi ta Landan ta lissafa tsawon rai, Buldog na Ingila shekara 7.4, ɗan ƙaramin karen nan Jak Rasal 12.7. Kamfanonin jirgin sama da yawa ba su yarda a sa su a ɗakin kaya saboda mutuwa. Karen da a sanyin Landan yake fama da numfashi, mi kake tsammani a Mabera cikin watan Mayu?

Can ɗin ma ba shiru sunka yi ba. A 2008 BBC ta nuna wani shiri da ya tona abin, ciki har da ɗan karen nan Kabaliya da anka ƙanƙanta ƙoƙon kanshi har ya yi wa ƙwaƙwalwar kaɗan, wasunsu suna ihu don ciwo, ga ciwon zuciya da ke bin irin. Bayan shirin BBC ta daina nuna gasar Crufts, a 2009 Kennel Club ta daina rajistar abin da uwa da ɗa ko uba da ɗiya ko wa da ƙanwa sunka haifa, daga 2012 ta ce karya ba ta wuce haihuwa huɗu. Ƙasar Holan tun 2019 take hana haɗa karnukan da hancinsu ya cika gajarta, kotun ƙolin Nowe kuma a 2023 ta tabbatar da haramta kiwon Kabaliya. Labarin da ya fi burge ni na Dalmeshiyan ne, farin nan mai ɗigo-ɗigon baƙi. Kaf irin sun gaji matsalar da ke tara tsakuwa a mafitsara, ba a samu ko ɗaya mai lafiyayyar ƙwayar ba balle a zaɓa. A 1973 wani masani, Robert Schaible, ya haɗa Dalmeshiyan da wani karen farauta sau ɗaya tak, ya ci gaba da mai da zuri'ar cikin Dalmeshiyan, ya samu masu kama da su sak ba ciwon. Ƙungiyar Amurka ba ta karɓe su gaba ɗaya ba sai 2011, shekara 38 ana gardama wai jininsu ba zalla ba ne, karnuka kuwa na ta fitsarin jini. Basenji ma, karen Kwango da ba ya haushi, da ciwon ƙoda ya addabi na Amurka dole anka koma Kwango a 1987 da 1988 anka kwaso na ƙauye, anka buɗe musu littafi a 1990.

Na ƙauye fa, irin wanda muke jifa. Karen Hausa ja mai siririn jiki da ke bin mafarauta da makiyaya ba wanda ya zaɓe shi don kyan hoto, rana da yunwa da kaska da tafiyar daji su sunka tace shi, wanda bai iya ba bai rayu ya haihu ba. Ba cewa nake ba ya ciwo ba, ciwon hauka na kashe shi, gudawar jini na share 'yan kwikwiyonshi, amma waɗannan allurar rigakafi ke maganinsu, ba a jini suke ba. In ya samu abinci da allura da horo yana gadi sosai, kuma kunnenshi ba wasa. Arewa da mu kaɗan, a ƙasar Azawak tsakanin Nijar da Mali, Buzaye na da dogon karensu mai gudun tsiya, Turawa sun ɗauke shi tun shekarun 1970, Amurka ta ba shi cikakkiyar rajista a 2019, yanzu da kuɗi mai yawa ake sayenshi can. Masu kiwonshi kuma tun da ƙalilan anka fara da su, sai sun riƙa komowa Sahel neman sabon jini. Mu muna tura kuɗi a kawo muna na ƙanƙara.

Ta fuskar addini kowa ya san an yi rangwame ga karen farauta da na kiwo da na gona, malamai da yawa sun shigar da gadin gida in akwai buƙata. Kuɗin kare kuwa akwai hani a hadisi, malamanmu na Malikiyya sun yi saɓani kan wanda anka halatta riƙewa, wannan fagen malamai ne. Amma haƙƙin dabba ba saɓani a kai, mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da huffinshi ya shayar da kare an gafarta mishi, matar da ta tsare kyanwa har ta mutu ta shiga wuta. To wanda ya san karyarshi na farfaɗiya ko namijinshi ƙugu ya lalace, ya haɗa su da gangan don ciki ɗaya zai biya mishi kuɗin haya, ya samar da rai takwas da za su yi ta wahala, ya kuma ɓoye wa mai saye aibin, ni ban san sunan da za a ba wannan ba in ba zalunci da algus ba. Haka mai haɗa karya tun jininta na farko tana 'yar wata takwas ita ma ba ta gama girma ba, ya kuma haɗa ta duk zagayowa, sau biyu a shekara, har nonuwa su zube haƙarƙari ya fito, in ta daina haihuwa a kai ta bayan gari a sake.

Sana'ar ba haramun nake mai da ita ba, akwai samari da ke yinta da tsoron Allah kuma suna ci da ita. Bambancin ba wuyar gani. Mai kirki yana da littafi, ko na makaranta ne mai layi, da ya rubuta wa ya hau wa da wata da shekara, yana bari karya ta kusa shekara biyu, yana hutar da ita, yana tafiya har wani gari neman namijin da ba danginta ba, kuma ba ya haɗa mai ɗan maraina ɗaya da bai sauko ba, ko mai fatar ido da ke naɗewa ciki gashi na sukar ƙwayar kamar yadda ake gani a Bowabul, ko wanda ƙazuwa ta cinye mishi jiki tun yana ƙarami, duk waɗannan suna bin jini. Zafin rai ma na bin jini, karen da ke cizon yaran gida ba jarumi ba ne da za a nemi irinshi.

Mai saye kuma shi ke riƙe da kasuwar, in ya daina biyan kuɗin hoto za a daina sayar mishi da hoto. Ka je gidan da kanka, ka ga uwar da idonka, a sake ta ta yi tafiya ta yi gudu ta kwanta ta tashi a gabanka, ka tambayi shekarunta da haihuwarta ta nawa, ka ce a nuna maka uban, ka tambaya kai tsaye mi ke tsakaninsu. Ka nemi lambar wanda ya sayi ɗan cikin da ya gabata ka kira shi ka ji yadda nashi yake. Ka duba katin allura da hatimin likita, kada ka karɓi kwikwiyon da bai kai sati takwas ba. In ya ce uwar na Legas uban na Jos amma ga bidiyo, mai da kuɗinka aljihu.

Wanda kuma ya riga ya saya ciwon ya bayyana, kada ya jefar da shi bola ko ya sayar wa wani a ɓoye. A kai shi a yi mishi fiɗiya, macen a cire mata mahaifa, duk likitocinmu suna yi. A fitar da shi daga kejin kwano a samar mishi inuwa da yashi da ruwa mai sanyi, a rage mishi nauyi har ka riƙa jin haƙarƙarinshi in ka shafa, yawo kuma bayan asuba ko bayan isha'i, kuma kada a ba shi farasitamol ko maganin ciwon jiki na mutane ba da izinin likita ba, wasunsu ɓula mishi ciki suke yi.